Inshorar Gida Da Ɓarnar Ruwa

Yawancinmu mun san inshora a kan mota, gama 'yan sanda sukan tambayi takardarta a hanya. Kaɗan ne suka sani ana yi wa gida ma. Waɗanda suka yi kuwa sukan biya kuɗin shekara, su jefa takardar cikin akwati, ba su ƙara duba ta sai ranar tsautsayi. Muna so mu gaya wa 'yan'uwa masu karatu yadda muka bi da namu al'amari, ko wani gida ya amfana.

Gidanmu a Kaduna tsohon gini ne. Falonsa da ɗaki ɗaya suna da daɓen katako, irin ƙananan katakan nan da ake jerawa bisa siminti. Wata rana da dare bututun da ya sauko daga tanki ya fashe, kafin gari ya waye ruwa ya kwanta a falo. Katako kuwa ba ya shiri da ruwa. Ya sha, ya kumbura, ya banƙare, ya rabu da siminti.

Da fari muka kashe wutar lantarki, muka rufe famfon tanki. Ɗanmu ya ɗauki hotuna da waya tun ruwan yana kwance, sa'an nan muka kwashe shi, muka fitar da kujeru. Lalle ne mai gida ya yi ƙoƙarin tsai da ɓarna, don kamfani ba ya biyan abin da mutum ya zura wa ido ya lalace. Amma ba mu zubar da kome ba. Katakan da suka banƙare, da guntun bututun da mai aikin famfo ya yanke, duk muka ajiye. Ran nan muka sanar da kamfani ta waya, muka bi da wasiƙa, muka riƙe kwafinta.

Bayan wannan muka zauna mu biyu da takardar. Inshorar gobara kaɗai ba ta ɗaukar ɓarnar ruwa, sai in an ƙara fashewar bututu, da ambaliya, da iska mai ƙarfi, an kuma biya ƙarin kuɗinsu. Tamu tana da wannan ƙari. Wanda ya ji labarin Maiduguri a watan Satumba 2024, sa'ad da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ya san ruwa yana iya cin gida kamar yadda wuta take ci.

Kamfani ya aiko da mai ƙimanta ɓarna. Ya durƙusa, ya ɗaga katako, ya sansana, ya ce watakila bututun ya daɗe yana yoyo. Gabanmu ya faɗi, domin a nan maganar take. Inshora tana biyan abin da ya auku farat ɗaya, amma abin da ya daɗe yana ɗiga a hankali, rashin gyara ake ce da shi, nauyin mai gida ne. Muka kawo masa guntun bututun, ya ga tsagar sabuwa ce. Muka nuna masa 'yar takardar da mai aikin famfo ya rubuta da kwanan wata. Ya duba ƙarƙashin katako, babu tsohuwar fumfuna. Ya rubuta abin da ya gani.

Gwaji mafi nauyi daga wajen kafinta ya zo. Da zai rubuta kuɗin gyara, sai ya ce, “Baba, bari in haɗa har da ɗakin kwana. Ai kuɗin kamfani ne, ba na kowa ba.” Gaskiya ne daɓen ɗakin ya tsufa, muna kuwa marmarin sabo. Amma ruwa bai kai can ba. Muka ce masa, “Malam, rubuta iyakar inda ruwa ya taɓa.” Kuɗin nan na maƙwabtanmu ne da sauran masu biya, wanda ya ƙara ƙarya ya ɗauki na wani. Ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. Idan kamfani ya gane an kumbura lissafi, yana da ikon hana biya ɗungum.

Da kuɗi suka fito, ba su kai kuɗin gyara duka ba. Mun riga mun san haka, gama takardar ta faɗi kason farko da mai gida zai ɗauka da kansa a kowace ɓarna. Akwai kuma wani sharaɗi da mutane ba su cika lura da shi ba. A ce gida ya kai naira miliyan 20, aka yi masa inshorar miliyan 10, to, rabin ɓarna kaɗai za a biya. Yadda kayan gini suke tsada, ya kamata a riƙa sake duba ƙimar gida kowace shekara.

Ba mu yi hanzarin shimfiɗa sabon katako ba. Siminti yakan riƙe laima makonni, ko da samansa ya bushe. Muka buɗe tagogi, hunturu ya taimake mu.

Wanda ya ga kamfani ya zalunce shi, yana iya kai kuka ga NAICOM, watau hukumar kula da inshora ta ƙasa, wadda aka kafa a 1997. Masu haya kuma su sani daɓe na mai gida ne, amma kafet da kujeru nasu ne, sai sun yi wa kayansu inshora dabam.

Aikin inshora shi ne ta mai da mutum inda yake kafin hasara, ba ta yin alkawarin riba. Saboda haka, maigida da uwargida, ku fito da takardarku a cikin watan nan, ku karanta ta tare. Inda ba ku gane ba, ku tambayi wakilin kamfani, ya ba ku amsa a rubuce. In kunne ya ji, gangar jiki ta tsira.