Babur ɗin da ba ya son tafiyar hawainiya

Mai karatu, in Boxer ko Jincheng ka saba hawa, ba ruwanka da lagireto. Iska ce ke sanyaya injinsu, ta bi ta waɗannan layukan ƙarfe da ke jikin silinda ta kwashe zafi. Ni ma haka na saba shekara 11 ina aikin duba dabbobi a rugagen da ke kewayen Ningi, har zuwa ranar da na sayi Suzuki DR-Z400E na hannu, irin dogayen baburan nan da aka ƙera don daji. Abin da na tara bai kai ba, uwargida ta cika min da kwasar adashinta.

Babur ne na gaske, ba zan ci haƙƙinsa ba. Yashin rafin da ke sa in sauka in tura Boxer, shi ratsawa yake yi. Sai dai ruwa ke sanyaya injinsa. Lagireto biyu gare shi, dama da hagu a gaban tanki, na alminiyum mai laushin da farce ma kan lanƙwasa haƙoransa, kuma roba ce kawai ta rufe su. Samfurin E ɗin bai zo da fanka daga kamfani ba, saɓanin ɗan'uwansa S na kan titi. Masu ƙera shi sun ɗauka gudu za ka yi, iska ta riƙa shiga. To ni ina na ga gudu? Tafiyata ta giya ɗaya ce, tsakanin duwatsu, ga akwatin allurai ɗaure a baya.

Wata ranar Afrilu na yi alkawarin rigakafin ciwon huhu da wani Arɗo. Ya hana shanu fita kiwo tun asuba, yana jirana. Ina cikin hawan wani dutse a hankali sai na ji ƙara kamar butar mai shayi, na duba na ga ruwa na tsartuwa ta ɗan tiyon da ke ƙasa. Na kashe inji na jira ya huce. Da na tashi, wajen gangara tayar gaba ta zame a kan tsakuwa, muka kwanta ta hagu. Gudun bai fi na mai tafiya a ƙasa ba, ko ƙwarzane ban yi ba. Ina ɗaga babur na ga koren ruwa na ɗiga. Lagireton hagu ya lotse kamar gwangwanin madarar da aka taka.

Babu sabis a wurin. Na tura iya turawa, na gaji na zauna a inuwar wata ƙaya. Wanda ya zo ya ɗauke ni daga baya, kar ka yi dariya, a kan Boxer yake. Kafin in isa ruga la'asar ta yi, ƙanƙarar akwatin ta narke tun tuni, kuma maganin rigakafin nan in ya sha zafi ya tashi daga aiki. Ba zan tsira wa shanun mutane ruwan banza in karɓi godiya ba, don haka na faɗi gaskiya. Arɗo bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Likita, da ka aiko ba ka zuwa, da shanun nan sun ci ciyawa." Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

A gida kuwa uwargida ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Baban yara, wancan tsohon naka bai taɓa yi maka haka ba. A sayar mana." Tana da gaskiyar magana, kuɗinta na ciki. Na roƙi wata guda.

Na fara da garkuwa. A nan na fahimci iri biyu ce: akwai raga da ake sa wa a gaba don tare tsakuwa da itace, akwai kuma firam da ke zagaye lagireton don kar ya lotse in an faɗi ta gefe. Ciwona na gefe ne, amma na ce a haɗa min duka. Mai walda ya yanka farantin alminiyum, muka gwada da kwali tukuna kafin a taɓa ƙarfe. Abu biyu bakanikena ya nace a kai, kuma na gode masa. Na farko, waɗannan ƙananan robobin da lagireto ke zaune a kansu kar a cire su, don in ka ɗaure shi ƙam da ƙarfe, girgizar hanya kaɗai za ta tsaga shi. Na biyu, bayan an ɗaure a murza kan babur har ƙarshe dama da hagu, a tabbatar ba abin da ke gogar wani. Namu ya goga ta dama, sai da aka sake rage gefen.

Na fita gwaji ina jin kaina, sai babur ya tafasa da wuri fiye da da. Ashe waccan robar mai tsaga-tsaga da muka cire don raga ta shiga, ba ado ba ce, ita ke karkato iska cikin lagireto. Ragar kuma ta rage hanyar iska, ga 'ya'yan ciyawa da ke maƙalewa a ramukanta. Wato na yi maganin faɗuwa na ƙara wa zafi ƙarfi. Duk mai shirin sa garkuwa ya sani, in tafiyarsa irin tawa ce, fanka ta zama dole.

A Ƙofar Ruwa ta Kano na samo 'yar ƙarama, inci 4, mai aiki da batir ɗin babur. Bayan lagireto ake ɗaura ta, ta riƙa zuƙo iska daga gaba. Wani yaron shago ya ce a zura igiyar roba ta cikin haƙoran lagireton a ɗaure ta, an gama. Bakanikena ya ce, "Yallaɓai, in ka yarda da wannan, wata uku za ka dawo da huda." Sai muka yi mata 'yar kujera a jikin garkuwar, da ɗan tsakani don kar ta taɓa lagireton. Da muka haɗa waya muka sa takarda a gaba don gwaji, sai takardar ta tashi sama maimakon ta manne. Mun juya wayoyin, fanka na hura iska baya-baya, tana faɗa da iskar hanya. Gyaran minti ɗaya ne, amma da ba mu gwada ba da haka zan yi ta yawo. Muka sa fiyus kusa da batir.

Da farko makunni na hannu na sa, don ya fi araha. Sati bai cika ba na manta da ita a kunne a ƙofar masallaci, na fito batir ya mutu. Daga nan na sayi makunnin da ke jin zafin ruwa, wanda ake sakawa a tsakiyar tiyo: ruwa ya yi zafi ya kunna fanka, ya huce ya kashe ta.

Ga wani abu da ya shafe ki ke ma, uwar gida, in akwai irin wannan babur ko mota a tsakar gidanki. Murfin lagireto matse ruwa yake yi, shi ya sa ruwan kan wuce ma'auni 100 bai tafasa ba, ya doshi 120. Duk wanda ya buɗe murfin da zafi, ruwan zai yi tsalle ya wanke masa fuska da hannu. A ja wa yara kunne. Kuma a daina ɗura ruwan rijiya, gishirinsa ke toshe ƙananan hanyoyin ciki.

Watan da na roƙa ya zama wata biyu, uwargida ta yi kamar ba ta ƙirga ba. Na koma rugar da sabon magani, wanda na biya daga aljihuna. A kan dutsen nan dai na ji fanka ta tashi da kanta, tana 'yar ƙara kamar ƙudan zuma, ruwa bai tsarto ba. Na sake faɗuwa sau biyu tun daga lokacin, garkuwar hagu ta karce ta ɗan lanƙwashe, lagireton bai ji komai ba.

Arɗo ya dawo tara min shanu, amma ba ya yi sai ya hango ƙurata. Kuɗin adashin kuwa, saura kashi ɗaya cikin uku ban biya ba.