Abin Da Na Koya A Kasuwar Kifin Iskandariyya

'Yan'uwana matasa, yau wani kuskure nawa zan ba ku labarinsa.

A shekarar 2019 na yi wata biyu a Masar wajen wani kwas na malaman Larabci. Wata Juma'a muka ziyarci Iskandariyya, ni da abokin karatuna ɗan Maroko. Da aka idar da Asuba ya ja ni kasuwar kifi ta unguwar Anfushi, kusa da ganuwar da Sarki Ƙayitbay ya gina a ƙarni na 15. Shi ya koya mini gane kifin ranar: ido garau, ƙarƙashin murfin kumatu ja wur, tsoka kuma idan ka danna ta dawo. Muka sayi kifin da suke kira buri, aka turbuɗa shi cikin dusa aka gasa mana, kamar yadda suka saba.

Sai ya ƙara da kilo guda na jatan lande da kaguwa huɗu. Tsigar jikina ta tashi, bakina ya riga tunanina, na ce, "Malam, anya waɗannan halal ne?" Ya yi murmushi ya ce, "Ashe ba Bamalike ba ne kai?"

Wallahi na ji kunya, domin na sha karantar da babin. A mazhabar Imam Malik dabbobin teku halal ne, ba sa bukatar yanka, ko da an same su a mace. Hanafawa ne suka taƙaita halaccin ga kifi, suka kuma saɓa a kan jatan lande. Na tuna Manzon Allah (SAW) ya ƙi cin damon sahara don ba a saba da shi a ƙasar mutanensa ba, bai haramta shi ba, Khalid bn Walid (RA) ya ci a gabansa. Ƙari a kan haka, busasshen jatan landen da ake kawo mana daga kudu na sha cinsa a miya ban taɓa tambaya ba.

A masauki na ce ni zan dafa. Na bar shi a wuta kamar naman sa, ya fito kamar roba. Ashe mintuna kaɗan sun ishe shi, da ya sauya launi sai a sauke. Rabin da ya rage abokina ya soya da tafarnuwa da lemun tsami, muka ci da shinkafa. Kaguwar kam na kasa kai ta baki, na bar masa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, da a aji ɗalibi ya yi mini tambayar, wataƙila da ƙyamar zuciyata na mayar masa fatawa. Ɗan'uwa, kana da damar cewa ba ka iya cin abu. Cewa haramun ne kuwa sai da dalili.

Allah Ya tsare harsunanmu. Wassalam.