Zumunci a Ƙafa Yake

A dogon hutun damina, cikin Agusta, na ɗebi iyalina daga Yalwawa muka kama hanyar gaishe-gaishe. Gonaki sun yi kore shar, gero ya fitar da kai. Muka ya da zango a Birnin Kudu, yara suka ga zanen shanu da mutanen dā suka bari a Dutsen Habude. Daɗin kallo ya sa na ƙara kwana guda.

Daga nan muka bi ta Kiyawa da Jahun zuwa Haɗejia, gidan abokina na makaranta, wanda rabona da shi shekara bakwai, sai gaisuwar waya. Na tarar da shi kwance, ya rame ƙwarai. Matarsa ta ce tun jiya, da ya ji ƙarar mota sai ya ce a duba ƙofa.

Bai zarge ni ba. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗan'uwa, ka iso?" Muka yi addu'a tare. Bayan mako uku ya rasu.

'Yan'uwa, zanen Birnin Kudu yana nan, zai jira mu. Wanda kuke ta cewa za ku je ku gaishe shi, ku tashi ku je.