Ƙarfen da ya farka bayan shekara 12

A shekarar 1994, wadda darajar kuɗin sefa ta faɗi, wani ɗan kasuwar goro na Maraɗi ya faɗo daga bisa kamiyo, ƙashin kwankwasonsa ya karye. Maɗori ya duba ya ce wannan karaya ta yi zurfi, tsinke da tsumma ba su kai gare ta. Aka kai shi likita a Yamai, lokotoro ya haɗa ƙashin da faranti na ƙarfe da ƙusoshi. Kuɗin kayan sun ninka a shekarar, sai da ya saida fili. Ya warke, ya koma kasuwa, har ya sauke farali da ƙafarsa.

Bayan shekara 12 cinyar ta fara zogi da dare. Ya ce sanyi ne, wanzami ya yi masa ƙaho. Daga nan wani ɗan ƙurji ya fito a kan tsohon tabon, yana zubda ruwa, ya rufe, ya sake buɗewa. Ƙwayoyin da ya saya a tebur sukan kwantar da shi sati biyu, ya dawo.

Abin da lokotoro ya bayyana masa ba kasafai yake faruwa ba; mafi yawan masu irin wannan ƙarfe suna zuwa kabari da shi ba tare da ya dame su ba. Amma ƙarfe ba shi da jini. Idan ƙwayoyin cuta suka biyo jini daga ruɓaɓɓen haƙori ko wani miki, suka sauka a kansa, sukan lulluɓe kansu da wani yauƙi da magani ba ya ratsawa sosai. Ciwon suga, wanda tsohon ke fama da shi bai sani ba, yana buɗe musu ƙofa. Tunda hoton radiyo ya nuna ƙashin ya haɗe, shawara ita ce a cire ƙarfen, a wanke wurin.

A nan gardama ta tashi a gida. Ƴaƴansa na tsoron kada ramukan ƙusoshin su raunana ƙashin ya sake karyewa, kuma tsoron nasu yana da tushe. Shi kuwa filin nan yake tunawa.

Babbar ƴarsa ce ta durƙusa ta ce: "Baba, ƙarfen ya gama aikinsa, ku sallame shi."

Aka cire. Ya yi makonni bisa sanduna, ƙurjin ya bushe. Farantin da ƙusoshin suna nan cikin gwangwani, a ƙarƙashin teburin shagonsa.