Saƙar ulu da ƙarancin lokaci a gidajen Kankia da Kusada

Saƙar ulu, wato haɗa hula da safa da rigar sanyi ta jarirai da zare mai kauri, tana daga cikin sana'o'in hannu da matan ƙananan hukumomin Kankia da Kusada, a tsakiyar Jihar Katsina, suke yi a cikin gida, ko dai da kwarashi, wanda allura ce mai ƙugiya a baki, ko da tsinkayen saƙa guda biyu, ko kuma da inji ga wadda take da halin saye. Sana'ar mata a cikin gida ba baƙuwa ba ce a ƙasar Katsina, domin Polly Hill, Baturiyar Ingila da ta yi bincike a Batagarawa, ta nuna a littafinta na 1972 cewa matan kulle suna gudanar da ciniki mai yawa ba tare da sun taka kasuwa ba. Abin da ya sauya shi ne yawan hidimomin da suke jiran macen yau.

Malamar firamare a Kusada, ko ɗalibar makarantar koyon aikin lafiya ta Kankia, takan fara yininta ne daga sallar asuba, ta dama koko, ta shirya yara, ta tafi aiki ko aji, ta dawo ta ɗora abincin rana, ta wuce Islamiyyar matan aure, sannan tuƙin tuwon dare yana jiranta. A kan wannan kuma akwai barka da suna da biki da dubiya da gaisuwar mutuwa, waɗanda rashin halartarsu yakan zama abin magana a dangi. Saƙa tana samun gurbi a irin wannan yini saboda aiki ne da ake iya ajiyewa a ɗauka, shi ya sa ake ganin dunƙulen zare da kwarashi a soke a cikin jakar hannu, ana ciro su kafin wake ya nuna ko a zaman jiran layi a asibiti. Sai dai katsewar tana da tsada, domin wadda aka kira tana tsakiyar ƙirga layukan hannun riga takan dawo ta tarar lissafi ya ɓace mata, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, dole ta warware aikin yini guda. Da dare kuwa, in babu wuta, baƙin zare ba ya saƙuwa a hasken fitilar caji sai da wahalar ido.

Matsin ya fi tsanani daga Oktoba zuwa Disamba, lokacin da kaka da ɓarar gyaɗa da sussukar gero da yawan bukukuwan aure suke haɗuwa da shigowar hunturu, wanda shi ne lokacin da kowa yake neman kayan sanyi. Ga kuma wa'adin da ba ya ɗaguwa: ana raɗa suna kwana bakwai bayan haihuwa, kuma kayan barkar da suka iso bayan an watse sun rage daraja.

Galibi akan ɗora laifin makarar aiki a kan ƙarancin lokaci ko a kan wayar hannu, wadda lalle tana cinye ɗan sararin da a da ake saƙa a cikinsa (ko da yake ita ce kuma take kawo sababbin zane da masu saye ta WhatsApp). Amma babban dalilin shi ne kunya, wato nauyin da yake hana mace ta ce wa ƙanwar miji ko maƙwabciya ba za ta iya ba, sai ta karɓi aiki huɗu alhali hannunta na biyu ne, wasu ma ba a yanka musu kuɗi ba. Tun da rigunan sanyi na gwanjo sun fi araha, mai saƙa ba ta da damar ƙara farashi don ta rage masu zuwa. Waɗanda suka daɗe a sana'ar sukan fara tara huluna da safa tun damina, su karɓi kuɗin zare kafin su ɗaura aiki, su kuma faɗi ranar gamawa da ta zarce wadda suke tsammani da kwana biyu ko uku.