Fegi da Dandali: Darasin Yanka Filaye a Hartum da Omdurman

Kalmar fili tana da ma'anoni biyu waɗanda ba su cika zama lafiya da juna ba. Idan Bahaushe ya ce ya sayi fili, yana nufin fegin da zai kewaye ya gina gida, wato abin da 'yan birni suke kira fuloti. Idan kuwa ya ce yara suna fili, ko jama'a ta taru a filin Idi, to, yana nufin sararin da ba a kewaye ba, wanda kowa yake da haƙƙin takawa. Na farko yana da takarda, yana da mai shi, yana da magada. Na biyu ba shi da mai tsaya masa sai dokar da ta keɓe shi. Duk wata ƙa'idar yanka filaye a birni, komai tsawonta, sulhu ce tsakanin waɗannan biyu: nawa za a ba magidanci, nawa za a bar wa jama'a. Babban birnin Sudan wuri ne da ya dace ɗalibi ya dubi yadda ake ƙulla wannan sulhu da yadda ake warware shi, musamman da yake Hausawa suna cikin waɗanda abin ya shafa.

Birnin garuruwa uku ne a mahaɗar Farin Nilu da Shuɗin Nilu: Hartum, da Omdurman, da Bahri. Biyu na farko ba tsari ɗaya ya haife su ba. Omdurman ta bunƙasa ne bayan mayaƙan Mahadi sun ci Hartum a 1885, lokacin da Halifa Abdullahi ya mai da ita fadar mulkinsa. Gari ne na gidajen ƙasa da lunguna masu karkacewa, kowace ƙabila da unguwarta, kamar dai cikin birnin Kano ko Zariya. Amma a tsakiyarta an bar wani makeken sarari a matsayin masallaci, dab da ƙubbar Mahadi da gidan Halifa, kuma nan ne ya zama matattarar bikin Maulidi a garin. Hartum kuwa Turawan Ingila ne suka sake shata ta bayan yaƙin Karari na 1898, a ƙarƙashin Kitchener, da tituna miƙaƙƙu masu faɗi, waɗansu kuma suna ratsa su a karkace, har ana cewa tutar Birtaniya aka kwaikwaya.

Abin da Turawan suka bari wanda ya fi titunan nan daɗewa shi ne raba unguwannin zama zuwa darajoji. Akwai daraja ta ɗaya, da ta biyu, da ta uku, kuma tsarin filayen gari na 1947 ya tabbatar da wannan rabo. Abubuwa uku ne suke bambanta darajojin: girman fegi, da irin kayan da aka yarda a yi gini da su, da tsawon shekarun da hukuma take ba da aron ƙasar. A daraja ta ɗaya fegi yakan kai murabba'in mita 800 ko fiye, ginin na jan bulo ne ko siminti, wa'adin aro kuma mai tsawo ne. A daraja ta uku fegin ƙarami ne, an yarda a yi ginin ƙasa, wa'adin kuma gajere. Kwalta da magudanar ruwa da itatuwan gefen titi su ma darajar suke bi. Wanda ya san bambancin Nasarawa da Fagge a Kano ba zai sha wahalar gane wannan ba. Mulkin mallaka ya ƙare a 1956, amma darajojin suka zauna daram a cikin dokar ƙasar da bakin mutanenta.

A bayan layin dogo, kudu da garin Turawa, aka tara leburori da 'ya'yan bayin da aka 'yanta da baƙin haure a unguwannin da ake kira Duyum, cikin 'yan ɗakuna a matse. Daga ƙarshen shekarun 1940 zuwa farkon na 1950 aka rushe tsofaffin Duyum, aka ƙara tura mazaunansu kudu, aka ba kowane gida fegi na kimanin murabba'in mita 200. Mutanen Afirka ta Yamma, Hausawa da Fulani da Barebari, waɗanda 'yan Sudan suke haɗa su a suna ɗaya su ce Fallata ko Takari, sun daɗe a wannan ƙasa. Waɗansu hanyar Makka ce ta ajiye su, waɗansu kuma jikokin waɗanda suka yi hijira ne bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, irin mutanen da suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. A Hartum unguwarsu ta yi suna da Ishash Fallata, wato bukkokin Fallata. Sun shekara da shekaru a wurin, gari ya girma ya kewaye su, ƙasar ta yi tsada. A farkon shekarun 1990 aka tashe su zuwa unguwar Ingaz a can kudancin birni, aka sake yanka wurin don waɗansu. Sun sami fegi mai takarda, sun rasa kusanci da kasuwa da wuraren neman abinci.

Kafin a fahimci abin da ƙaramin fegi yake nufi a Sudan, sai an san yadda ake zaman gida a can. Zafi yakan wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu da Yuni, ga guguwar ƙura da suke kira habub. Saboda haka rayuwa a tsakar gida take, wadda suke kira hosh. Nan ake fito da gadajen igiya a kwana da dare, nan ake kafa rumfa, kuma ana so maza su sami nasu sashe, mata nasu. Idan fegi ya kai murabba'in mita 800, duk wannan yana samuwa a cikin katanga, har da lambu. Idan bai wuce 200 ba, kuma iyalin mutum takwas ne ko goma, ɗakuna suna cinye tsakar gidan, sai rayuwa ta tsallaka waje.

Wajen nan shi ne midan, wato dandalin da mai zanen unguwa yake bari a tsakiyar kowane rukunin gidaje. Rukunan nan lamba gare su: a Hartum ana ce musu murabba', a unguwannin Omdurman irin su Sawra da Umbadda kuwa hara. Sau da yawa midan ba komai ba ne illa fetal ɗin ƙasa mai rairayi, ba ciyawa, ba kujera, sai turaku biyu na raga. Amma nan samari suke buga ƙwallo da la'asar, nan ake kafa rumfar biki da ta zaman makoki, nan ake sallar Idi, kuma a watan azumi a bakinsa ko a kan titi maƙwabta suke shimfiɗa tabarmi, kowane gida ya fito da tirensa a sha ruwa tare, a tare matafiyi a zaunar da shi. Ga mai babban gida dandali ado ne. Ga mazaunin daraja ta uku kuwa shi ne zaurensa, shi ne ragowar tsakar gidansa.

Birnin ya girma fiye da tunanin masu zana shi. A ƙidayar 1955 zuwa 1956 garuruwan uku ba su wuce mutum dubu 250 ba. A ƙidayar 2008 jihar Hartum ta haura miliyan 5. An yi ta zana manyan taswirori: kamfanin Doxiadis na ƙasar Girka a 1959, kamfanin Mefit na Italiya a shekarun 1970, Doxiadis kuma tare da masanin zanen gine-gine Abdul Mun'im Mustafa a 1991, sai taswira ta biyar da aka tsara don shekarun 2008 zuwa 2033. Amma jama'a ta riga takarda. Yaƙin Kudu da ya sake ɓarkewa a 1983, da farin 1984 zuwa 1985 wanda ya koro mutanen Kordofan da Darfur zuwa yammacin Omdurman, sun cika gefen gari da unguwannin da ba a auna ba. A watan Agusta na 1988 aka yi ruwan da ya haura milimita 200 a yini guda, gidajen ƙasa suka narke, fiye da mutum miliyan ɗaya suka rasa matsuguni. Waɗanda suka yi gini a kan hanyar ruwa da cikin kwari suna cikin waɗanda suka fi shan wuya.

Amsar hukuma ita ce ƙuduri mai lamba 941 na 1990 game da unguwannin da ba su da izini, wanda aka aiwatar a zamanin ministan gidaje na jihar, Sharafuddin Bannaga, sai kuma dokar tsara birane da rabon filaye ta 1994. Waɗansu unguwanni aka gyara su a inda suke, aka fitar da tituna. Waɗansu aka rushe, aka kwashe mutanen zuwa sababbin wurare irin su Darussalam a bayan Omdurman, inda fegi bai fi murabba'in mita 200 da 'yan kai ba. Ƙaramin fegi yana da hujjarsa: yana ba mutane da yawa takarda, yana rage tsawon bututun ruwa da wayar lantarki da kowane gida zai ci. Sai dai birnin ya ci gaba da miƙewa a kwance, gida mai hawa ɗaya bayan gida mai hawa ɗaya, har cikin hamada. Sakamakon abu ne mai ban mamaki: gari mai faɗi ƙwarai wanda jama'arsa ba ta da yawa idan aka auna ta da girman ƙasarsa, amma cikin gidajen talakawansa a cushe.

Ɗan lissafi zai nuna inda gizo yake saƙa. A ɗauki hekta ɗaya, wato murabba'in mita 10,000. A ce, a misali, an cire 4,000 don tituna da dandali da makaranta, saura 6,000. Idan aka yanka su ɗari takwas-takwas, gida bakwai za a samu da ɗan saura. Idan aka yanka su ɗari biyu-biyu, gida talatin ne. Ƙa'idar da ta ce a keɓe kaso iri ɗaya na kowace shimfiɗa don dandali tana kama da adalci, amma ta ba yaron unguwa ta biyu kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na sararin da ta ba yaron unguwa ta farko, alhali shi ne wanda ba shi da tsakar gidan da zai yi wasa. Duk gyaran da ya rage girman fegi bai ƙara girman dandali ba, ya ci talaka sau biyu.

Abin da ya faru ma ya fi haka muni, domin dandalin da aka bari shi ma bai tsira ba. A shekarun mulkin Umar al-Bashir, daga 1989 zuwa 2019, sayar da ƙasa ya zama babbar hanyar samun kuɗin shigar jihar. Dajin turare da aka dasa a kudancin Hartum a shekarun 1960 don ya tare ƙura, wanda ake kira Hizam al-Akhdar, aka sare shi aka yanka shi filoti-filoti. Yau sunan ya rage, itatuwan babu. A cikin unguwanni kuwa sai a wayi gari a ga an aza harsashi a kusurwar midan, an canza amfanin wurin a takarda zuwa kantuna ko gidaje. Mazauna unguwanni da dama sun yi ta kai ƙara da zanga-zanga a kan haka. Ga mai riƙe da taswira a ofis, dandali fili ne da ba a sayar ba tukuna.

Yaƙin da ya ɓarke ran 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF ya bayyana amfanin waɗannan wurare ta hanya mai ɗaci. Da hanyoyin maƙabartu suka toshe, mutane suka riƙa binne mamatansu a dandalin unguwa da harabar makaranta da tsakar gida. A harabar masallatai da makarantu da sauran wuraren jama'a matasa suka kafa tukwanen takaya, wato girkin taron dangi da ya ciyar da waɗanda suka kasa gudu. Bayan sojoji sun karɓe Hartum a watan Maris na 2025, hukumomi suka fara tono gawarwakin suna mai da su maƙabartu. Sararin da aka raina, shi ya karɓi mamaci, shi ya ciyar da mai rai.

Ranar da za a zauna sake duba ƙa'idojin gina birnin, matsin zai yi yawa: ga masu dawowa suna neman matsuguni, ga baitulmali a bushe, ga dandali a fili yana jiran mai saye. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ana iya rage fegi, ana iya yarda a ɗora bene a kusa da tsakiyar gari don kada talaka ya riƙa cin rabin yininsa a mota. Amma a auna dandali da yawan kawunan da za su yi amfani da shi, a yi masa rajista da sunan unguwa yadda ba za a canza amfaninsa ba sai da yardar mazaunanta, a kuma bar wa ruwa hanyarsa.

Ɗalibin da yake karanta wannan a Kano ko Katsina ko Maraɗi ba ya bukatar tafiya Sudan kafin ya ga misali. Unguwannin awon igiya, inda mai gona yake yanka ta ƙafa hamsin-hamsin ba tare da barin wurin makaranta ko maƙabarta ba, da kududdufan cikin birni da aka cike aka gine har ruwan damina ya rasa mazauni, da kantunan da aka gina a filin Idin Kano waɗanda gwamnati ta rushe a 2023, duk labari ɗaya ne da na Hartum. Hausawa sun ce tun ran gini, ran zane. Gidan da aka gina ƙarami ana iya ɗora masa bene daga baya, amma unguwar da aka yanka ba dandali, sai an rushe gidan wani kafin yaranta su sami wurin wasa.