Abin Da Ya Taɓa Hanci, Ido Ke Ruwa

Duk ɗalibin da ya tashi a barikin soja, kamar yadda na tashi, ya san cewa gidan soja ba da agogo yake kwana yana tashi ba, da begila ne. Mahaifina saje ne, watau mai igiya uku. A Daffo ta Zariya aka horar da shi, ya kuma je aikin kiyaye zaman lafiya a Darfur ta ƙasar Sudan ya dawo ko ƙwarzane babu. Ni ne ɗan fari, ba ya kuwa kiran sunana, sai dai ya ce Kurtu. Aikina kowace asuba shi ne goge masa takalma, in ya duba bai ga fuskarsa a jikinsu ba sai in sake. A lokacin nan ba ni da wani buri a duniya da ya wuce in girma in cika waɗannan takalma.

A watan Mayu na 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa dokar ta-ɓaci a jihohin Borno da Yobe da Adamawa, aka shiga kwasar sojoji ana kai su bakin daga. Baba ya tafi a farkon 2014, ya bar mahaifiyarmu da tsohon ciki. Cikin watan Oktoba na shekarar, motar da suke ciki ta taka nakiya a kan hanyar Dambuwa. Ina da shekara 11, Ɗanjuma yana da shida, Ladi uku, Auta kuwa watanta biyar, bai ma taɓa ganinta ba sai a hoto. Magajiyar bariki, watau shugabar matan sojoji, ita ta shigo da labarin tare da waɗansu mata biyu. Tun daga yadda suka yi sallama Inna ta ajiye ludayin da ke hannunta, domin matar soja ta san ba a zuwa uku-uku a kawo labarin alheri. Da suka ce yana da rai, sai ta faɗi ta yi sujada.

Yana da rai kam, amma an yanke ƙafarsa ta hagu daga ƙasan gwiwa, kunnensa na hagu kuma ya daina ji. Daga Maiduguri aka kawo shi asibitin sojoji na Kaduna, ya yi wata huɗu yana jinya. Ran da ya dawo gida yana dogara sanduna biyu, an naɗe ƙafar wandonsa an soke da fil, Ladi ta dube shi ta ruga bayan Inna tana kuka. Ni kuwa ban yi kuka ba, amma na tafi na ɗauko takalman nan na tura su can ƙarƙashin gado, don ban san ko guda ɗaya zan riƙa gogewa ba ko duka biyu.

Mutane suna tsammanin raunin soja abu ne da ke tsayawa a jikinsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Raunin nan ya shiga kowane lungu na gidanmu, ya sake mana dokoki. Ba a buga ƙofa, ba a fasa leda, ba a zuwa masa ta gefen hagu, ba a tashinsa daga barci da hannu sai dai a tsaya daga nesa a kira. To, yaya za ka koya wa yarinya 'yar shekara uku cewa kada ta yar da murfin tukunya? Ran da Ladi ta yar da shi, sai muka ga Baba kwance a ƙasa ya rufe kansa da hannu, gumi na zuba. Da ya dawo hayyacinsa ya daka mata tsawar da ba mu taɓa ji ba, sa'an nan ya yini bai ce wa kowa uffan ba. Da dare kuma sai ya farka yana cewa yatsun ƙafar da aka yanke suna masa zafi. Mun ɗauka aljanu ne, sai da likita ya bayyana wa Inna cewa jijiyoyin da aka yanke suna ci gaba da aika saƙo, ƙwaƙwalwa kuma ba ta manta da gaɓar ba, haka kuwa yake faruwa ga yawancin waɗanda aka yanke wa gaɓa.

A nan ne zan faɗi abin da ya sa na ɗauki alƙalami, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wata rana a 2015 Baba ya gaji da zaman ɗaki, ya dogara sandunansa ya zo ƙofar makarantarmu don ya taho da ni. Muna fitowa sai wani yaro ya ce, "Kai, ku dubi wani gurgu!" aka yi dariya. Ni kuwa na sunkuyar da kai, na shige tsakiyar abokaina, na wuce shi kamar ban san shi ba. Na san ya gan ni, domin idonmu ya haɗu. Ya iso gida bayana da kusan rabin sa'a, rigarsa sharkaf. Bai ce mini kome ba, bai kuma faɗa wa Inna ba. Da ya zane ni da ya fi mini sauƙi.

Wadda ta fara gyara gidanmu ba babba ba ce, Auta ce. Mu duka muna kwatanta Baba da mutumin da ya tafi, muna ganin abin da ya ragu. Ita kuwa ba ta san wancan mutum ba, wannan shi ne ubanta, cikakke. A tsakiyar 2015 aka yi masa ƙafar roba, daidai lokacin da ita ma take koyon tafiya. Sai ya zama su biyu suna bin bango ɗaya, shi yana dafawa a sama, ita tana dafawa a ƙasa. In ta faɗi ya yi mata dariya, in ya yi tangaɗi ta tafa hannu. Wannan ita ce dariyarsa ta farko da muka ji tun dawowarsa. Da ta fara magana, kullum da safe sai ta jawo ƙafar nan daga jikin bango tana nishi, ta ce, "Baba, ga ƙafa." Ɗanjuma da Ladi suka ga abin ba na tsoro ba ne, har suka shiga rigimar wanda zai miƙa masa safar da ake sa wa dungulmin.

A 2016 likitocin soja suka yanke cewa ba zai iya ci gaba da aiki ba, aka sallame shi. Gidan bariki kuwa na mai kaki ne, ran da ka tuɓe sai ka ba da makulli. Muka kama hayar ɗaki biyu a cikin gari, muka bar makarantarmu da maƙwabtan da suka san halinmu. Kafin kuɗin sallama da fansho su fara fitowa an yi watanni ana kai da kawowa da takardu, daga wannan ofis zuwa wancan, mutum mai ƙafa ɗaya yana hawa bene yana sauka. Ita ƙafar roba kuma ba sau ɗaya ake yin ta a huta ba, domin dungulmi yana motsewa, sai kwamin ya yi masa yawa ya riƙa goge fata har ta yi gyambo, dole a sake wani.

Inna, wadda da ba ta fita sai unguwa, ta kama aikin dafa abinci a wata makarantar kwana. Saboda haka raino ya koma hannun Baba. Saje guda, wanda kurata ke rawar jiki in sun hango shi, shi ne ke yi wa Auta wanka, ya dama mata koko, ya duba wa Ɗanjuma aikin makaranta. Masu tsegumi suka ce mace ta mai da shi mijin-ta-ce. Shi kuwa cewa yake yi, ya tsare ƙasa da bindiga, ba zai ji kunyar tsare 'ya'yansa da cokali ba. Irin horon bariki ya kawo cikin rainon: kowa da lokacin tashinsa, kowa da aikinsa, ana fareti a tsakar gida da tsintsiya a kafaɗa. Yanzu kuma yana da 'yar tireda a ƙofar gida.

Shekara bakwai ina ɗauke da abin da na yi a ƙofar makaranta. Sai a 2022, daren da zan taho jami'a, na same shi ya cire ƙafar yana shafa wa dungulmin mai, na durƙusa na ce, "Baba, ka tuna ran da ka zo ɗaukata na wuce ka? Ka yafe mini." Ya daɗe yana dubana, sa'an nan ya ce, "Kurtu, a wannan shekarar ni ma da zan iya wuce mutumin nan da na wuce shi. Tashi ka haɗa kayanka." Da gari ya waye na ga ya sa tsofaffin takalman nan duka biyu, ɗaya a ƙafarsa, ɗaya a ta roba, ya raka ni tasha. Ni na goge su kafin mu fita.

Kowace shekara, ran 15 ga Janairu, ana bikin tunawa da mazan jiya, ranar da ta yi daidai da ƙarshen yaƙin basasa a 1970. Ana ajiye furanni, ana sakin tantabaru, ana yi wa waɗanda suka kwanta dama addu'a, hakan kuwa daidai ne. Sai dai ni abin da nake roƙon 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu shi ne mu riƙa tunawa da waɗanda suka dawo da rai amma ba yadda suka tafi ba, da matansu, da ƙananan yaran da suka koyi tafiya da sanɗa tun kafin su koyi gudu. Mu da muke nazarin Hausa mun san harshenmu cike yake da kirarin jarumi a fagen fama, amma in ya dawo da sanda ba mu da abin kiransa sai gurgu. In kun gamu da irinsa a tasha ko a masallaci, ku yi masa sallama, ku gaishe shi da aiki, kada ku wuce shi yadda na wuce nawa uban.

Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.